Kamun Kifi da Wutar Lantarki: Yadda Yake Aiki da Inda Haɗarinsa Yake

A 'yan shekarun nan bidiyo ya yawaita a wayoyin jama'a na wasu mutane tsaye a kan jirgin ruwa, ko suna tafe cikin rafi da akwati goye a baya, suna tsoma wata sanda a ruwa, sai ga kifaye suna tasowa ciki sama kamar an kira su. Masu kallo sun rabu biyu. Wasu suna cewa ai wutar ba ta da wani ƙarfi, tunda kifin ma suma kawai yake yi ya farfaɗo. Wasu kuma suna ganin an samu sassauƙar hanyar cika kwando ba tare da wahalar jefa birgi ko kwana gadin kalli ba, batirin mota ne kawai da 'yar waya. Dukansu kallon kitse suke yi wa rogo. Na'urar da ke sumar da tarwaɗa tana iya tsayar da zuciyar ƙato cikin ƙiftawar ido, kuma waɗanda suka ƙirƙiro ta sun fi kowa sanin haka, shi ya sa suka kewaye ta da ƙa'idoji masu tsauri.

Ma'anar kalmomi

Kamun kifi da lantarki shi ne sakin wuta cikin ruwa ta bakuna biyu na ƙarfe, domin kifin da ke tsakaninsu ya rasa ikon sarrafa jikinsa na ɗan lokaci a kwashe shi da koma. Baki ɗaya ana ce masa anod, shi ne mai alamar tarawa, yawanci zobe ne na ƙarfe a ƙarshen sanda. Ɗayan kuma katod, mai alamar ɗebewa, wanda kan zama wata doguwar igiyar ƙarfe da ke jan ƙasa a bayan mai aiki kamar wutsiya, ko kuma jikin jirgin kansa.

Akwai ma'aunai uku da ba a fahimtar zancen sai da su. Bolt, wanda ake rubuta wa da harafin V a jikin batir, shi ne matsin da ke tura wuta, kamar matsin ruwan da ke saukowa daga tanki mai tsawo. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke fita daga bakin famfo. Idan aka raba amfiya ɗaya gida 1,000, kowane kaso shi ne miliamfiya. Om kuwa ma'aunin turjiya ne, wato yadda abu ke hana wuta wucewa ta cikinsa. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, da hanyar da ta bi, da daɗewar da ta yi.

Ita kanta wutar iri-iri ce. Akwai mai kai-komo, wadda masu gyaran wuta ke kira AC, irin ta gidajenmu, mai zuwa ta dawo sau 50 a daƙiƙa. Akwai miƙaƙƙiya, wato DC, irin ta batir. Sai ta uku, miƙaƙƙiyar da ake yankawa tana fita bugu-bugu, ita ce masu bincike suka fi amfani da ita.

Asalin abin

Masuncin Kainji ko na Yawuri ba baƙo ba ne ga wuta a cikin ruwa. Ya san minjirya, kifin da ke iya fitar da wuta har kusan bolt 350 ya sumar da ƙananan kifaye, kuma duk wanda ya taɓa damƙarta a cikin koma da hannu bai sake mantawa ba. Abin da ɗan Adam ya yi shi ne kwaikwayon wannan halitta da na'ura. A shekarar 1863 wani mutum mai suna Isham Baggs ya yi rajistar dabarar a Landan, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta zama kayan aikin yau da kullum a hannun masana kifi na Turai da Amurka.

Bukatarsu ƙidaya ce. Suna son sanin irin kifayen da ke cikin wani rafi, da yawansu, da girmansu, da ko gurɓatar ruwa ta fara cin su. Sai su sumar da kifin, su auna, su rubuta, su mayar da shi ruwa da ransa. Haka nan ana amfani da ita wajen kwashe kifi kafin a janye ruwan madatsa, ko rage wani baƙon kifi da ya mamaye na gida. Na'urorin sun kasu zuwa ta goyo, wadda batir mai bolt 24 ke tuƙawa amma take iya ɗaga shi zuwa kusan bolt 1,000, da wadda ake girke janaretonta a bakin gaɓa, da ta jirgi, wadda ta fi su duka ƙarfi.

Abin da wuta ke yi wa kifi, da abin da take yi wa mutum

Idan aka saki wuta a ruwa ba ta bin layi ɗaya kamar a waya. Bazuwa take yi ta kowane gefe, ta yi kauri a kusa da anod, tana raguwa gwargwadon nisa. Kifin da ke can nesa yana jin ta ya gudu. Wanda ke tsakiya, idan miƙaƙƙiyar wuta ce, jijiyoyinsa na tilasta masa iyo zuwa wajen anod ko yana so ko ba ya so. Wanda ya iso kusa sai ya suma. Idan wutar ta yi yawa tsokarsa ta ƙage gaba ɗaya ya sandare.

A nan ne batun ya shafi mutum kai tsaye. Gwargwadon tsawon jiki, gwargwadon bambancin matsin wuta tsakanin kai da wutsiya, shi ya sa giwan ruwa ke jin wuta fiye da ƙaramar karfasa a wuri guda. To mutumin da ya faɗi ya miƙe a cikin rafi ya fi kusan kowane kifi na wurin tsawo. Saniyar da ta shigo shan ruwa kuwa, mai tazara tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ta fi shi shiga haɗari. Saboda haka hujjar cewa ɗan kifi ma ya farfaɗo ba ta kare kowa ba; juya ta za a yi.

Fatar mutum ita ce garkuwarsa ta farko. Busasshiyar fata na iya yin turjiyar da ta kai om 100,000. Jiƙaƙƙiya kan faɗo zuwa wajen om 1,000. Lissafin ba shi da wuya: bolt 400 a kan om 1,000 ya ba da miliamfiya 400. A wuta mai kai-komo, mutum na fara jin tsira daga wajen miliamfiya 1. Daga 10 zuwa 16 yatsu kan ƙage a kan abin da aka riƙe, mutum ya kasa saki ko da yana so. Kaɗan sama da haka tsokar ƙirji na iya ƙagewa numfashi ya tsaya. Daga 50 zuwa 100, idan ta ratsa ƙirji, zuciya na iya barin bugunta na tsari ta koma karkarwa, jini ya daina zagayawa. Miƙaƙƙiyar wuta tana bukatar fiye da haka kafin ta kai ga wannan mataki, amma na'urar jirgi amfiyoyi cikakku take fitarwa, wato dubban miliamfiya.

Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki: ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri haɗari ga wanda ke ciki. Ruwan teku na ɗaukar wuta sosai, don ma'auninsa na kai wa wajen maikrosimen 50,000 a kowace santimita, alhali yawancin koguna ba su wuce tsakanin 50 da 1,500 ba. A teku, wuta na samun hanya mai sauƙi ta gefen mutum ta wuce. A kogi, jikin mutum mai jini da gishiri ya fi ruwan da ke kewaye da shi ɗaukar wuta, sai ta zaɓe shi ya zama hanyarta. Ƙari a kan haka, ruwan da ba ya ɗaukar wuta sosai shi ne ke tilasta wa mai aiki ƙara bolt kafin kifi ya ji.

Sannan ba lallai sai wuta ta tsayar da zuciya ba. Ya isa ta ƙage ƙafafu da hannuwa na daƙiƙu kaɗan. Mutum ya kife a ruwan da bai wuce gwiwa ba, da akwati mai nauyi a baya, doguwar rigar roba ta cika da ruwa, ya kasa ɗaga kai. Wanda aka tsamo a irin wannan hali sau da yawa ba a ganin ƙuna a jikinsa, sai a ce nutsewa ya yi.

Yadda masu sana'ar ke kare kansu

Tushen tsarin kariyar abu ɗaya ne: wuta a kashe take, sai an yi ƙoƙari take kamawa, kuma da zarar wani abu ya karkace ta mutu da kanta. A sandar anod akwai makunni da sai an danne shi da yatsa wuta ke fita. Da an saki ta ɗauke. Na'urar goyo ta zamani na da wani makunni da ke kashe ta idan mai goyon ya karkata sosai, alamar zai faɗi, da wani mai kashe ta idan ruwa ya taɓa gindin akwatin. Tana ƙara mai ƙarfi muddin wuta na fita. Akwai jan maɓalli babba a sama wanda kowa zai iya buga wa da tafin hannu, kuma maɗaurin kafaɗa da na ƙugu ana kwance su da ja ɗaya. A jirgi, mai riƙe da koma yana tsaye ne a bayan shingen ƙarfe da ya kai ƙugu, ƙafarsa a kan wani mataki. Ya ɗaga ƙafa, ko ya zame, wuta ta yanke. Direba ma na da nasa makunnin. Duk wani ƙarfe da ke cikin jirgin ana haɗe shi da jikin jirgin da waya, don kada a samu ƙarfe biyu masu bambancin matsi da mutum zai dafa a lokaci ɗaya.

Sai tufafi. Ana sa wandon roba mai haɗe da takalmi da ya kai ƙirji, na roba zalla. Irin mai shan iska da masu kamun nishaɗi ke so bai dace ba, domin idan gumi ya jiƙa shi wuta na iya ratsawa. Safar hannu irin ta ma'aikatan layin wuta ce, mai lamba 0, wadda aka amince da ita har bolt 1,000. Kafin a sa ta ana naɗe bakinta a matse iska a ciki, a kai kusa da kunne a saurara. Huda kamar ta allura ta isa a jefar da ita. Marikin koma ba ya zama ƙarfe. Itace ma ba a sakankance da shi ba idan ya sha ruwa. Zobe da agogo da sarƙa ana cire su, kuma a ruwa mai zurfi ko a jirgi rigar ceto wajibi ce.

A ganina, ɗabi'ar ma'aikata ta fi duk waɗannan kaya nauyi, domin ita ce ke fara lalacewa idan aka saba. Ba a aikin mutum ɗaya. Shugaban tawaga na faɗa da ƙarfi cewa zai kunna, kowa ya amsa, sannan ya danna. Haka idan ya kashe. Ba a haɗa waya ko kwance ta sai an kashe na'ura, kuma ana ba ta ɗan lokaci, don akwai sassan da ke riƙe wuta bayan an kashe. Wutsiyar katod da ke baya tana ja kamar yadda anod ke ja, amma ita ce ake mantawa da ita. Kuskuren da aka fi jin tsoro shi ne na sabo: babban kifi ya suɓuce daga koma yana gangarawa, hannu ya kai masa cafka kafin tunani ya iso. Shi ya sa ake nanata wa sabon ma'aikaci cewa kifin da ya wuce ya wuce.

Ana tsayar da aiki idan hadari ya taso da walƙiya, ko ruwan sama ya sauko da ƙarfi, ko aka ga mutum ko dabba na matsowa, ko ma'aikaci ya ji ruwa ya shiga takalminsa. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ba ya kusantar wurin, mai ciwon zuciya da mai juna biyu ma ana ba su shawarar su kauce. Ƙarar janareta na hana jin kira, hayaƙinsa guba ne, man da ake zuba masa kuma na iya kama wuta. Waɗannan ƙa'idoji a rubuce suke: Turai na da ma'aunin EN 14011 na shekarar 2003 kan ɗaukar samfurin kifi da lantarki, akwai IEC 60335-2-86 kan yadda ake ƙera na'urorin, kuma hukumar kifi da namun daji ta Amurka na koyar da darasin a cibiyarta ta Shepherdstown.

Idan abin ya auku

Mataki na farko kashe wuta ne, kafin taɓa mutum, kafin shiga ruwa. Zuciya na ingiza kowa ya faɗa ya ceci ɗan'uwansa, amma mai faɗawa cikin ruwan da wuta ke gudana a ciki ya zama na biyu. Bayan an kashe a fito da shi, a duba numfashi. Idan babu, a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana hura masa iska sau 2 bayan kowane danni 30, wani kuma ya nemi agaji. Zuciyar da ke karkarwa ba kasafai danni kaɗai ke mayar da ita kan tsari ba. Na'urar farfaɗo da zuciya ce ke yin haka, shi ya sa tawagogi da yawa ke yawo da ita. Wanda wuta ta ja sosai, ko da ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, likita ya kamata ya duba shi a ranar.

Inda ra'ayoyi suka bambanta

An daɗe ana ɗauka cewa hanyar ba ta cutar da kifi, tunda ana ganin ya farfaɗo ya tafi. A 1988 wasu masana biyu, Sharber da Carothers, suka ɗauki hoton ƙashin manyan kifayen da aka kama da lantarki a Kogin Kolorado, suka tarar kusan rabinsu ko fiye sun samu rauni a ƙashin baya, saboda tsananin ƙagewar tsoka. Daga nan muhawara ta tashi. Ɓangare ɗaya na cewa duk da haka ta fi kalli ko guba sauƙi, domin waɗannan kashe kifin suke yi kafin a ƙirga shi. Ɗaya ɓangaren na cewa bai kamata a yi ta a kan kifin da ya kusa ƙarewa ba. Matsayar da hukumar kifin teku ta Amurka ta ɗauka a shekarar 2000, game da ruwan da ke da irin waɗannan kifaye, ita ce a fara da mafi ƙarancin wuta, bolt 100 miƙaƙƙiya, a ƙara a hankali, kada bugu ya wuce 70 a daƙiƙa, kuma a bar aikin idan zafin ruwa ya haura digiri 18. Abin lura shi ne saitin da ya fi sauƙi ga kifi shi ne ya fi sauƙi ga mutum.

Muhawara mafi zafi a Turai aka yi ta, kan kamun kasuwa a teku. Tarayyar Turai ta hana kamun kifi da lantarki a 1998, sannan daga 2007 ta ba da rangwame ga wani kaso na jiragen da ke aiki a kudancin Tekun Arewa, mafi yawansu na Holand. Masu jiragen suka ce wutar ta rage musu shan mai sosai, kuma ba ta yamutsa ƙasan teku kamar sarƙoƙin da ake ja a da. Ƙananan masunta na Faransa da Ingila da ƙungiyoyin muhalli suka ce tana ƙarar da kifi tana karya wa wasu baya. Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'ar hani a Janairun 2018, Holand ta kai ƙara kotun Turai ta sha kaye, hanin ya cika aiki daga 1 ga Yulin 2021.

Na ɓoye, da abin da ka iya biyo baya

Duk abin da aka faɗa game da kariya, babu ko ɗaya a na'urar da ake harhaɗawa a gida. Batir ne da inbata da gora, sau da yawa wuta mai kai-komo, wadda ta fi kisa ga kifi da mutum. Babu makunnin da ke mutuwa da kansa, waya a fili, mai aikin ƙafa ba takalmi, a cikin dare don gudun hukuma, shi kaɗai ko da ƙaramin yaro. Cewa batirin bolt 12 ne kawai ba hujja ba ce, domin aikin inbata shi ne ɗaga shi zuwa ɗaruruwa.

Ƙasashen Asiya sun ga ƙarshen wannan hanya. A Kogin Yangtse na Sin, kamun lantarki na cikin dalilan da aka lissafa na ɓacewar baiji, wata dabbar ruwa mai shayarwa da masu bincike suka nema a 2006 ba su ga ko ɗaya ba; daga farkon 2021 gwamnati ta hana kamun kifi a kogin na tsawon shekara 10. A Kogin Irawadi na Miyanma, inda dabbobin ruwa irin wannan ke koro wa masunta kifi tun kaka da kakanni, masu batir na daga cikin manyan barazanar da ke gabansu.

Doka a yawancin ƙasashe ta raba tsakanin bincike da farauta. A Ingila dokar kifi ta 1975 ta hana amfani da na'urar lantarki sai da izini. A Najeriya dokar kamun kifi a ruwan cikin gida ta 1992 ta sa lantarki a sahu ɗaya da nakiya da guba, ta keɓe aikin bincike kawai. Abin da ya sauya tun daga lokacin shi ne araha: batirin sola da inbata sun shiga kowace kasuwa, bidiyon kuma na kowace waya. Waɗanda suka ga ɓarnar da gubar gamalin ta yi wa tafkuna sun san yadda sabuwar hanyar sauƙi ke yaɗuwa, kuma nan ne Sarkin Ruwa da ƙungiyoyin masunta ke da abin cewa tun kafin jami'i ya iso.

Ɓarnar ba ta tsayawa a kan manyan kifayen da aka kwashe. Wuta mai kai-komo na kashe 'ya'yan kifi da ƙwai da kwaɗi da ƙwarin da kifin ke ci, waɗanda ba a gani don nutsewa suke yi. Kuma ruwanmu ba na masunci kaɗai ba ne. Mashigin da ake su a cikinsa da asuba shi ne wanda makiyayi ke koro shanu, mata ke wanki, yara ke wanka, kuma ruwan da wuta ke gudana a cikinsa ba ya sauya launi ko ƙara da zai gargaɗi mai sa ƙafa.